Bitar kwana uku kan yara masu ƙiriniya: rana ɗaya ce ta biya kuɗin

Shekara shida ina koyar da ajin nazare a Zariya, kuma idan yaro ya gagare ni, tsawa da 'yar bulala kawai na sani. A dogon hutun da ya wuce shugabar makarantarmu ta biya mana kuɗin wata bita kan tafiyar da yara masu ƙiriniya. Gaskiya don an ce dole ne na je.

Ranar farko gyangyaɗi na sha. Tarihin Maria Montessori ne, wata masaniyar ilimin ƙananan yara, da gidan yaran da ta buɗe a Roma a 1907. Da ma makarantun unguwarmu kowace ta manna sunan nan a allonta, ko kujerun kirki babu.

A rana ta biyu aka ce kowa ta sami littafi ta raba shafi gida uku: me ya faru kafin yaron ya yi abin, me ya yi, me ya biyo baya. Ba "ya yi rashin ji" za ki rubuta ba, sai dai "ya ciji na kusa da shi muna layin wanke hannu". Da muka koma na gwada a kan wani ɗan shekara huɗu da ya ishe ni da cizo da jifa da takalmi. Mako biyu ina rubutawa, sai ga shi kusan kullum ana gab da fita tara yake tayar da rigimar. Na tambayi mahaifiyarsa, ashe ba ya karyawa, mai adaidaita sahun da ke kwasar su tun bakwai saura yake zuwa. Yanzu da ya iso sai ya sha kununsa kafin a shiga aji. Cizon bai ƙare ba, amma ya ragu ƙwarai. Gida na uku na shafin kuwa ni ya tona wa asiri: duk ranar da na kore shi waje, abin da yake so na ba shi, ya huta da layi da hayaniya.

Inda suka gaza: bidiyoyinsu duk na Turai ne, yara goma malamai biyu. Ajina yara 43 ne, ni da mai raino ɗaya. Da na yi magana, mai bitar cewa ta yi, "Malama, ki yi iya ƙoƙarinki." Takardun ma da Turanci suke, mai rainon da ta fi ni zama da yaran ba za ta iya karantawa ba.

Abin da ya fi damuna, ko sau ɗaya ba a faɗi lokacin da ya kamata a tura iyaye asibiti ba. Akwai wata yarinya da na daɗe ina kira mai taurin kai, sai da likita ya duba aka gano kunnenta ne ba ya ji sosai.

Mai niyyar zuwa ta je, amma ta tambaya tun farko ko za a yi bayani da Hausa, ta kuma tafi da mai rainon ajinta.