Makulli ɗaya ko biyu a tsohuwar a-kori-kura: duba kan saitin gidajen makulli masu haƙora iri ɗaya

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar a-kori-kura ƙirar Chevrolet ko GMC ta shekarun 1974 zuwa 1987 ya san cewa da makullai biyu take zuwa: mai kai murabba'i na tayar da inji, da mai kai zagayayye na buɗe ƙofofi da ƙaramin akwatin dashbod. Abin da nake dubawa a nan shi ne saitin da masu sayar da kayan gyaran mota ke kawowa domin kawar da wannan rabuwar, wato gidan makullin tayar da inji guda ɗaya da na ƙofofi guda biyu, waɗanda aka tsara su duka a kan haƙora iri ɗaya domin makulli ɗaya ya yi aiki a cikinsu. Na sa irinsa a Chevrolet C10, kuma hukuncina shi ne yana biyan buƙata ga wanda makullansa suka riga suka cinye, amma bai kai a cire lafiyayyun makullan asali saboda shi ba.

Dalilin da ya sa sai an sayi saiti sukutum yana cikin yadda General Motors, kamfanin da ke ƙera Chevrolet da GMC, ya ƙera makullan. Daga 1967 kamfanin ya riƙa bambanta tsagar da ke jikin makulli, yana buga mata harafi: A, C, E da J na makulli na farko, B, D, H da K na biyu, ana juya su gwargwadon shekarar motar. Saboda haka makullin inji ba ya ma shiga ramin ƙofa, balle ya juya, kuma duk gwanintar mai yankan makulli ba za ta sa ya shiga ba muddin gidan na asali ne. Saitin yana warware wannan ne ta hanyar bai wa gidajen uku tsaga iri ɗaya da haƙora shida iri ɗaya. Mai Ford wadda ke da makulli mai guraben haƙora goma bai cika buƙatar wannan ba, domin a tsarin nan ƙofa tana karanta gurabe shida na farko, inji kuma shida na ƙarshe, don haka idan an canza gidan makullin inji ana iya yanka sabon makulli da zai ɗauki haƙoran ƙofa tare. Toyota Hilux kuwa galibi da makulli ɗaya take fitowa tun daga masana'anta, kuma idan aka gan ta da biyu, alama ce ta cewa an taɓa canza ɗaya daga cikin gidajen.

Aikin ƙofa ba shi da wuya. Ana cire murfin cikin ƙofar, a zare ƙarfen da ya maƙale gidan makullin daga baya, a sake sandar da ke haɗa shi da sakata, sai ya fito ta waje. Inda saitin ya gaza shi ne ɗan hannun da ke bayan gidan makullin, wanda shi ke jan sandar: wanda ya zo a cikin kwali bai yi daidai da tsawon na asali ba, sai da aka ciro tsohon aka mayar a kan sabon gida, kuma takardar bayanin da ke ciki ba ta ambaci hakan ba ko da layi ɗaya. Wanda ya jefar da tsofaffin gidajen kafin ya gama aiki zai sha wahala.

Na sitiyari shi ne mai cin lokaci, kuma ban ba wa wanda bai saba ba shawarar ya taɓa shi. Sai an cire kan batir, an zare sitiyari da na'urar jansa, an danne farantin da ke kulle sitiyarin domin fitar da zoben da ya riƙe shi, an ɗaga makunnin sigina gefe, sannan a kai ga abin da ya riƙe gidan makullin. A motocin farkon wannan zamanin wani ɗan harshe ne mai sifirin ake dannawa, a na baya kuma sukuru ne, kuma gidajen biyu ba sa shiga wurin juna. Wajibi ne mai saye ya faɗi shekarar motarsa daidai, ya kuma tabbatar ba a taɓa canza mata wuyan sitiyari da na wata shekara ba, abin da ya zama ruwan dare a motar da ta shekara arba'in tana aiki.

Bayan an ɗaura, makullin yana juyawa sumul a inji, ba sai an jijjiga shi ba kamar yadda cinyayyen makulli ke buƙata. A ƙofofi ya ɗan yi tauri da farko, kuma ƙarfen makullan da suka zo da saitin ya fi na asali laushi, don haka gara a yanka wani a kan ƙarfe mai kyau tun haƙoran suna sababbi, a ajiye ɗaya ba a amfani da shi domin ya zama abin kwafa nan gaba.

Sai dai alkawarin makulli ɗaya bai cika gaba ɗaya ba. Saitin bai haɗa da gidan makullin akwatin dashbod ba, don haka mai son kulle akwatin har yanzu yana rataye da tsohon makulli mai kai zagayayye, idan kuma murfin tankin mai yana da nasa, sun koma uku. Akwai kuma wani amfani na tsohon tsarin da ba a ganewa sai an rasa shi: da makullai biyu direba yana iya barin inji yana ɗumi ya kulle ƙofa ya tafi, kuma idan ya manta makullin inji a ciki, na ƙofa yana aljihunsa in dai bai haɗa su a zobe ɗaya ba. Yanzu sai ya ɗauki kwafi na biyu kafin ya yi hakan, wanda ya mayar da shi inda ya fito.

Batun tsaro kuwa, ban ga ya kamata ya shiga lissafi sosai ba. Gaskiya ne wanda ya sami makullin guda yanzu ya sami ƙofa da inji tare, amma ɓarayin waɗannan motoci an fi saninsu da fasa murfin wuyan sitiyari su ja sandar kunnawa kai tsaye, ba tare da sun nemi kowane makulli ba. Wanda ke gyara motar domin ta koma yadda ta fito daga masana'anta ya fi dacewa ya kai tsofaffin gidajen wurin mai gyaran makulli a sabunta cikinsu, ya riƙe makullansa biyu. Saitin na mai motar aiki ne, wanda ke hawa da sauka sau da yawa a yini, musamman idan canje-canjen da masu motar na baya suka yi sun bar ƙofar dama da makulli dabam, ta hagu da wani dabam.