Mastar a ilimin halayyar ɗan Adam: Yamai ko Jos?

Ɗalibin Damagaram da ya gama lisansi (digirin farko) kuma yake son mastar (digiri na biyu) yakan tsaya tsakanin hanya biyu.

A Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tsarin LMD (lisansi, mastar, doktora) ake bi: mastar shekara 2, zango 4, kiredi 120 (ma'aunin yawan karatu), sai memuwar, wato kundin binciken da za ka kare gaban malamai. Da Faransanci ake koyarwa, kuma takardar ta cikin gida ce, ba ka buƙatar neman daidaita ta kafin gasar shiga aikin gwamnati. Wahalar ita ce nisa, kusan kilomita 900, da samun malamin da zai duba memuwar. Wanda bai tsayar da batun bincike tun zango na 2 ba, shekara ta 3 za ta same shi yana jira.

Jami'ar Jos ta daɗe da sashen wannan fanni, amma da Turanci. Ga inda ake tuntuɓe: digirin farko a Najeriya shekara 4 ne, lisansi kuma 3, don haka ana iya cewa sai ka fara yin difloma ta share fage. Ka tambayi wannan a rubuce kafin ka biya kuɗin fassara takardu.

Mu dai muna ganin mai son aiki a asibiti ko lakkol a nan Zinder, Yamai ta fi masa. Duk inda ka je, ka nemi horo inda ake ganin marasa lafiya da Hausa, domin uwar da ta kawo ɗanta tana cewa iskoki ne, da Hausa za ka saurare ta.