Sharhi kan kwas ɗin lissafin yawan orka da na biya ta intanet

Na yi rajistar wannan kwas na makonni shida ne domin in koyi yadda ake hasashen ƙaruwa ko raguwar dabbobi ta hanyar lissafi, kuma makonni ukun farko sun gamsar da ni ƙwarai. Malamin ya ɗauki orka, dabbar tekun nan mai baƙi da fari da ke shayar da 'ya'yanta, ya kasa matansu gida huɗu kamar yadda masu bincike Brault da Caswell suka yi a 1993: 'yan shekara ɗaya, matasa, masu haihuwa, da waɗanda suka daina haihuwa. Ya kuma nuna mana asalin alƙaluman, wato aikin da masanin dabbobin teku Michael Bigg ya fara a shekarun 1970 a gaɓar tekun yammacin Kanada, inda ake gane kowace orka a hoto ta tsagar fiffiken bayanta da tabon toka-tokar da ke gindinsa. Ranar da na jera lambobin a jadawali, kwamfuta ta fitar da ƙaruwar kusan kashi 2.5 cikin ɗari a shekara, na yi niyyar tallata kwas ɗin ga duk abokan karatuna.

A mako na huɗu ne rai ya ɓaci. An ba mu aikin gida cewa mu ɗora wannan jadawali a kan orkokin kudu, wato dangogin J, K da L da ke ruwan jihar Washinton ta Amurka da lardin British Columbia na Kanada, mu fara daga 98 ɗin da aka ƙirga a 1995. Lissafina ya nuna za su haura 200 cikin shekaru 30, alhali ƙidayar da ake yi musu duk shekara tun 1976 ta nuna sun sauko zuwa saba'in da 'yan kai, kuma tun a 2005 Amurka ta sanya su cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Na kwana biyu ina bin lambobina ɗaya bayan ɗaya ina zargin kaina, ashe kuskuren yana cikin tambayar: jadawalin ya ɗauka cewa haihuwa da mutuwa ba sa canzawa, babu gurbin ƙarancin kifin salmon nau'in Chinook da suka dogara da shi, balle hayaniyar jiragen ruwa da gubar da ke taruwa a kitsensu.

Na rubuta wa malamin bayani dalla-dalla, sai bayan kwana goma sha tara aka turo mini gajeriyar amsa cewa 205 ɗin da na samu daidai ne, an ba ni cikakken maki. Wannan makin ya fi ƙona mini rai fiye da a ce an kayar da ni. Sai a lokacin na tuna cewa ko a makon farko ma an tsallake tambayata kan dalilin cire maza daga lissafin. Na nemi a mayar mini da rabin kuɗina, kuma har yau shiru.