Gidan kallon garinmu a daren da aka rufe zango

A garinmu, wanda ke kan hanyar da ta tashi daga Wudil ta nufi Gaya, gidan kallo ɗaya ne mutum zai iya dogara da shi. A can na kalli kashin ƙarshe na zangon farko na wani shiri mai dogon zango, wanda aka tsiro da shi daga jikin wani tsohon shiri da mutanenmu suka daɗe suna bi. Ba zan kama sunan shirin ba, domin akwai waɗanda ba su kai ga ƙarshensa ba tukuna, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda gidan kallon ya yi wa jama'a hidima da yadda jama'ar suka karɓi abin da suka gani.

Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, irin waɗannan shirye-shirye suka samu gindin zama a karkara, daga baya kuma masu shirya fina-finan Kannywood da dama suka karkata zuwa YouTube. Mutumin birni mai data yana iya komawa baya ya duba duk kashin da ya wuce shi, amma manomin da ya yini a gona ba shi da wannan dama, ga shi wutar lantarki ba ta zama a wajenmu. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kunna janareta ya yi nauyi ƙwarai, har wasu masu gidajen kallo a yankinmu suka koma nuna ƙwallon ƙafa kaɗai. Mai wannan gida ya sayi sola da batura, don haka a daren da nake magana hoto bai ɗauke ko sau ɗaya ba, kuma naira 200 da ya karɓa a bakin ƙofa ba ta yi yawa ba.

Abin da ya fi cancantar yabo shi ne dabarar da ya yi kafin ranar. Shirin da aka tsiro daga wani yana ɗauka cewa mai kallo ya san asalin kowa: wace ce wannan bazawara, me ya raba ta da mijinta na fari, me ya sa dangin mijin suke riƙe da gonar marayunta. Marubutan ba su tsaya bayani ba, sun dogara da cewa an ga tsohon shirin. Mai gidan ya lura cewa yawancin samarin da ke zuwa ba su gan shi ba, sai ya keɓe darare uku yana nuna tsofaffin kashin da suka shafi wannan mata, ba tare da ya ƙara ko sisi ba. Wannan aiki ne na mutumin da ya san masu zuwa wajensa, kuma shi ya sa muhawarar da ta biyo bayan kallon ta yi ma'ana, domin kowa ya san abin da yake magana a kai.

Da aka tashi, ra'ayi ya rabu. Samari sun ji haushin yadda aka yanke labarin a daidai lokacin da alƙali ya buɗe baki zai yanke hukunci a kan gonar, suna cewa an ja musu rai makonni da yawa sannan aka sallame su hannu rabbana. Wani dattijo da ke sayar da hatsi a kasuwar Wudil ranar Juma'a bai damu da wannan ba; abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda aka tafi kotu kai tsaye ba a bi ta wajen mai unguwa ko dagaci ba, alhali a ƙauye rikicin gona daga can yake farawa. Wani saurayi ya ce masa, cikin ladabi, Baba ai wasan kwaikwayo ne, shi kuma ya amsa da cewa wasan da ya ari rigar ƙauye ya kamata ya san ɗinkinta. Ni ina tare da dattijon. Yanke labari a tsakiya hanya ce ta jawo mai kallo zuwa zango na gaba, kuma ana iya yafe ta, amma tsallake masu gari a maganar gado ya nuna cewa an rubuta karkara ne daga nesa. A kan 'yar wasan da ta fito a bazawarar kuwa babu wanda ya yi saɓani, kowa ya yarda ta riƙe matsayinta da natsuwa, ba ta cika kuka da ihu ba.

Gidan yana da nasa naƙasu. Lasifika ɗaya ce, tana gaba, saboda haka na baya sai sun miƙa wuya kafin su ji magana, musamman idan babura suna wucewa. Rufin kwano ne, fanka biyu ba sa isar mutanen da suka cika benci. An dakata domin sallar Isha'i, wanda ya dace, amma da aka dawo ba a jira kowa ya zauna ba aka ci gaba.

Babban giɓin shi ne na mata, waɗanda a ganina su suka fi bin wannan shiri, kuma ba sa shiga gidan kallo. Mai gidan yana tura musu kashin a memori idan an aiko yaro da waya, sai dai a wannan karon turin bai samu ba sai bayan kwana biyu, lokacin da labarin ƙarshen ya riga ya zaga gari a bakin maza. Yayata, wadda ita ma ta taɓa zaman takaba da ƙananan yara, ta ce hukuncin alƙali bai dame ta ba kamar fitowar da matar ta zauna ita kaɗai tana auna hatsin da ya rage a rumbu, fitowar da ban ji namiji ko ɗaya ya ambata ba a bakin gidan kallon. Na roƙi mai gidan ya riƙa shirya turin mata a daren da ya nuna wa maza, ya ce zai gwada hakan idan zango na biyu ya fara.