'Yar jar Marsandin da na yi oda

Shekara 22 ina gyaran Marsandi, amma motar da ta fi kwanta min a rai ban taɓa sa mata sufana ba. Shi ya sa da ƙanena ya nuna min 'yar samfurinta ta ƙarfe a intanet, ko ciniki ban tsaya yi ba.

Motar ita ce 300 SEL 6.8, wadda ƙaramin kamfanin AMG ya kai tseren awa 24 na Spa a Beljiyam a watan Yulin 1971. Motar manya ce mai ƙofa 4, irin wadda direba ke ja maigida na baya a hakimce. Aufrecht da Melcher, waɗanda suka kafa AMG, suka buɗe cikin injinta daga lita 6.3 zuwa 6.8, har ta wuce doki 400. Jamusawa suka yi mata laƙabi da Jar Alade saboda nauyi da launi. Direbobi Hans Heyer da Clemens Schickentanz suka kwana suka yini a kanta, ta zo ta biyu, Ford Capri kaɗai ta riga ta, alhali tana shan mai tana cin taya. Duk bakaniken da ya san wahalar da birki ke sha a ƙarƙashin irin wannan nauyi zai jinjina wa waɗanda suka ɗaura ta.

To, samfurin. Tsawonsa kamar santimita 28, kuma ka ɗauka ka ji ƙarfe a hannu. Jan fentin ya zauna sumul, lamba 35 na jikin ƙofa, ga ƙarin fitilun gaba na tafiyar dare. Abin da ya fi burge ni bakin tayoyi ne, an buɗa su yadda faffaɗan taya zai shige. Na ɗaga bonet na daɗe ina kallon injin V8 ɗin mai silinda 8, har yaran gareji suka kewaye ni.

Inda na ji ba daɗi: wayoyin fulogi zane ne kawai, ba a ɗora su daban ba, madubi kuma ya iso a karye, sai da na liƙa shi da gam. A wannan kuɗin, ya kamata a ce an naɗe shi da kyau.

Ba abin wasan yara ba ne, ƙananan sassansa ba sa jure hannu. Na sa kafinta ya yi masa akwatin gilashi saboda ƙurar hunturu, yana kan kanta kusa da littafin rasit.