Memorin darasin lissafi da na sayo wa autarmu

Jama'a sallama. Wata biyu kenan da na sayo wani memori a wajen masu turi ranar kasuwar Maigatari, wai darussan lissafi ne na 'yan JSS da Hausa, bidiyo kusan talatin, to na ce bari in faɗi yadda muka kwashe da shi ko wani zai amfana.

Autarmu tana aji biyu a ƙaramar sakandare, kuma wallahi yarinyar nan ta iya lissafi, ita ke riƙe wa Inna kuɗin ƙuli da man gyaɗa, ko naira goma ba ta taɓa ɓata ba. Amma in aka kawo takardar jarabawa sai ka ga 3 bisa 20. Na zaunar da ita na ce ke Auta wai me ke damunki ne? Ta ce Yaya ni ban san me ake tambayata ba, in na ga an rubuta furodak ko difarens sai kaina ya kulle. Ashe turancin ne ya tare mata hanya.

To a nan memorin ya yi min rana. Malamin sai ya rubuta kalmar a allo, ya faɗe ta sau biyu, sannan ya warware: kalmar sam jimillar tarawa ce, difarens abin da ya rage in an ɗebe, furodak sakamakon ninkawa. Da ya zo farakshan sai ya ɗauko zakkar hatsi, ya ce noman damina ɗaya bisa goma ake fitarwa, na ban ruwa da wahala ɗaya bisa ashirin, goman nan da ke ƙasa ita ce dinomineta, ɗayan da ke sama numereta. Ni kaina da na bar makaranta tuntuni ranar na san sunansu. Washegari muna auna gero ta ce Yaya in buhu kwano 40 ne to kashi 25 cikin ɗari kwano goma kenan, Inna tana daga madafi ta ce yau kuma boko ya shigo rumbu.

Wanda ya fi burge ni shi ne ferimita da eriya, don kullum haɗa su take. Ya ce ferimita tsawon dannin da za ka kewaye lambu da shi ne, eriya kuwa filin da za ka shuka a ciki. Muka je bayan gida da igiya, fili mai mita 20 da 15, kewaye ya ba mu 70, ciki 300. Tun daga nan ba ta sake rikita su ba.

Amma fa akwai gyara. Bidiyo huɗu sam sun ƙi buɗewa, na koma wajen mai turin ya ce wai wayata ce, muka sa a tasa ma shiru, ƙarshe dai haƙuri ya ba ni. Sautin wasu kuma kamar a cikin rijiya aka ɗauka, har kukan zakara kana ji. Sannan wajen lambobi masu maines ya fara da kyau, ya ce ka ɗauke su bashi ne, kana da 5 ana binka 8 saura bashin 3, amma da aka zo maines sau maines sai kawai ya ce haka dokar take ku haddace. Auta ta tambaye ni dalili na yi ta sosa ƙeya. Aljebra ma bidiyo biyu kacal, a gurguje.

Ga cin caji, kullum sai na kai wayar shagon caji, naira ɗari ɗari tana tafiya.

Gwajin da suka yi makon jiya ta samo 13 bisa 20. Wanda zai saya dai ya tsaya a buɗe masa kowane bidiyo a gabansa kafin ya miƙa kuɗi, ni yanzu wanda ya yi bayanin aljebra sosai nake nema kafin ta shiga aji uku, in akwai mai shi ya taimaka.