Kafin ka sayo wa Raspberry Pi ɗinka SSD, zo mu yi lissafi tukuna

Memori uku na binne a cikin 'yar Raspberry Pi ɗin nan, ƙaramar kwamfuta mai girman tafin hannu, kafin na yi hankali. Ina da ɗan shagon cajin waya a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura, a saman kanta na ɗora Pi 4 na loda mata Kiwix da Kolibri, manhajojin karatu da ke aiki ba intanet, in yamma ta yi yaran sakandare su zo su haɗa wayoyinsu da wifi ɗinta su karanta Wikipedia su duba darussa ba sai sun ƙona data ba, don dama netwok ɗin ma sai ka hau tudun bayan masallaci kake samu. Abu na tafiya lafiya lau sai wata safiya ka kunna ka ga jar fitila kawai tana kallonka, shikenan memori ya tafi da aikin sati biyu. Na farko na ce jabu aka sayar min, na biyu na ce ƙaddara, sai a na uku na gane ɗan katin nan an yi shi ne don ajiye hoto da waƙa a waya, ba don Linux ba, tsarin da ke tafiyar da Pi, wanda ke ta rubuce-rubuce a kansa dare da rana, kuma in batir ya sauke ana tsakiyar rubutu to sai dai wani ba shi ba.

Tun daga nan nake bin maganar SSD, ma'ajiyar bayanai irin ta kwamfuta da za ta iya maye gurbin memori, yanzu kuma abokai biyu uku sun dame ni da me za su saya, na ce to bari in zauna in rubuta sau ɗaya in huta.

Abu na farko, ka daina kallon babbar lambar nan da ke jikin kwali. Wai meg 3500 a sakan ɗaya, wai 7000. Wannan lambar kamar loda buhuna ne a bayan mota ranar kasuwar Gujungu, babban fayil ɗaya ana jida a jere. Ita kuwa Pi yawancin aikinta na mai awo ne, wannan ya ce mudu ɗaya wancan rabin mudu wancan gwangwani biyu, ƙananan fayiloli dubbai nan da can, kuma a nan ne memori ke durƙushewa SSD ko mafi araha ya bar shi a baya nesa. Shi ya sa ma aka ƙirƙiro alamar A1 da A2 a jikin memori, A1 na nufin aƙalla ƙaramin karatu 1500 da rubutu 500 a sakan, A2 kuma 4000 da 2000. SSD na yau da kullum yana yin gomomin dubbai. To ka ga inda bambancin yake, ba a waccan lambar ta talla ba.

Sai tambayar da ita ce za ta yanke komai, wace Pi ce a hannunka?

In Pi 3 ce, malam riƙe kuɗinka. USB 2.0 kawai gare ta, da ƙyar take wuce meg talatin da 'yan kai, kuma hanya ɗaya take rabawa da wayar intanet. Nemi memori na ƙwarai mai A1, ko irin waɗanda ake sa wa kyamarar tsaro masu jure rubutu, ka ci gaba da harkarka.

Pi 4 ita ce ta fito a watan Yunin 2019 da ramukan USB 3.0 guda biyu, shuɗayen nan, kuma tun ƙarshen 2020 take iya tashi kai tsaye daga USB ba memori a ciki, in dai ka sabunta mata ɗan shirin tashinta, wanda manhajar Raspberry Pi Imager ke yi maka cikin 'yan mintuna. Ramin memorinta duk kyan katin da ka sa ba ya wuce meg 45 ko ƙasa, shuɗin USB kuwa da SSD yana kai ka meg 300 da wani abu. A nan zaɓi uku ne a gabanka. Akwai filas, wanda ni dai ba na ba kowa shawara, don yawancinsu kayan cikin nasu bai fi na memori ba ga zafi kamar garwashi. Akwai NVMe, siririn SSD mai tsananin gudu, a cikin ɗan gidansa na USB, yana aiki, amma ka biya kuɗin doki ne ka ɗaure shi a turken jaki, tunda USB ɗin Pi 4 ba za ta bar shi ya yi gudunsa ba ga shi ya fi jan wuta. Sai na ukun, SSD nau'in SATA mai inci 2.5 irin wanda ake cirewa daga laftof, da 'yar wayar da ke mayar da shi USB. Shi ne nawa, kuma shi nake cewa kowa ya saya, don shi ne za ka samu a Kano yau ɗin nan ba jira, ko a Beirut Road ko a Farm Centre, sabo ko na hannu.

Amma fa rigimar ba a SSD ɗin take ba, a wayar take. Cikin wannan 'yar roba akwai ɗan cif, shi ke fassara tsakanin SATA da USB, kuma ba dukansu ke jituwa da Pi ba a tsarin da ake kira UAS. Wayata ta farko a laftof tana gudu kamar me, ina sa ta a Pi sai abu ya riƙa sandarewa minti ɗaya minti biyu sannan ya farfaɗo, na kwana biyu ina zargin SSD ashe ba ruwansa. Masu cif ɗin ASMedia, musamman ASM1153E, su ne aka fi sani da zaman lafiya da Pi. Matsalar mai shago ba zai san me ke ciki ba, kwalin ma ba ya faɗa, sai ka jona ka buga umarnin lsusb a Pi sannan ya nuna maka. In ka riga ka saya ta ƙi, akwai layin usb-storage.quirks da ake ƙarawa a fayil ɗin saiti na cmdline.txt ya kashe UAS ɗin, gudu zai ɗan ragu amma sandarewar ta ƙare. Wani abu kuma da ya shafe ni sosai, USB 3.0 na damun wifi na 2.4GHz, in wayar ba ta da rufi mai kyau sai ka ga yara na korafin wifi ya ɓace alhali suna zaune a bakin shago. Matsar da SSD ɗin nesa da Pi kaɗan ya rage min wannan.

Yanzu Pi 5, wadda ta shigo kasuwa a Oktoban 2023. Ita ma memorinta ya ninka na Pi 4 gudu, kusan meg 90, kuma da kati mai A2 na gaske wallahi ga mai ɗan koyon rubuta manhaja da Python ko kallon bidiyo ya isa, kar wani ya ruɗe ka. Amma abin da ya sa ake ta surutu a kanta shi ne ɗan ramin nan na gefe mai fil 16, PCIe, inda ake jona siririn kebul kamar ganyen albasa zuwa wani allo da ke riƙe NVMe. Layi ɗaya ne tak na PCIe 2.0, wato a aikace meg 450 ko kusa. In ka sa dtparam=pciex1_gen=3 a fayil ɗin saiti na config.txt yana haura 800, sai dai kamfanin Raspberry Pi da kansa bai ba da tabbacin wannan ba, wani SSD ya ɗauka wani ya riƙa yankewa. Ma'ana ko ka sayi NVMe mafi tsada a duniya a nan zai tsaya, don haka ƙarami mai araha mara jan wuta shi ne daidai.

Allon kuwa kala-kala ne. Na kamfanin, M.2 HAT+, ya fito a watan Mayun 2024 a kan dala 12, a sama yake zama kuma an bar wa fankar Active Cooler wuri a ƙarƙashinsa, amma gajerun SSD kawai yake ɗauka, 2230 da 2242. Lambar ba wani sirri ba ce, 22 faɗi ne a milimita, sauran biyun tsawo. Ga inda mutanenmu ke faɗawa rami: abin da ya cika kasuwa a Kano dogon ne, 2280, shi ake cirewa daga laftof. Sai mutum ya yo odar allo daga waje ya jira makonni, ya bi direba tasha ya karɓo saƙo, ya zo gida ya ga SSD ɗinsa ya zarce allon ba inda zai ɗaura noti. In dogon kake iya samu to nemi irin NVMe Base na Pimoroni da ke zama a ƙasan Pi, ko na Geekworm da Waveshare, amma ka karanta ka tabbatar an rubuta 2280. A ganina SSD za ka fara samu a hannu sannan ka zaɓi allon da ya dace da shi, ba akasin haka ba. Kamfanin ma ya fitar da nasa SSD a Oktoban 2024, gig 256 a dala 30 da 512 a dala 45 a lokacin, ko haɗe da allon a 40 da 55, ba ciwon kai tunda an gwada su tare, in kana da mai zuwa daga waje to shi ne mafi sauƙi, in kai za ka biya kuɗin jigila kuma lissafin ya canza.

Rami na biyu, M.2 sunan siffar siririn SSD ɗin ne kawai, ba kowane M.2 ne NVMe ba. Akwai M.2 SATA, kamarsu ɗaya sak kamar Hassan da Husaini, zai ma shiga ramin ya zauna daram amma Pi 5 ba za ta gan shi ba har abada. Galibi mai tsaga biyu a baki SATA ne, mai tsaga ɗaya NVMe, amma karanta takardar jikinsa ya fi. Sannan siririn kebul ɗin nan a bi shi a hankali, maƙallinsa ko farce ya ɗan yi ƙarfi ya ɓalle, kuma yana da gaba da baya.

To ga maganar da ta fi duk waɗannan a wurinmu, wuta. Ni mai sana'ar caji ne, na san halin caja. Pi 4 tana son 5V da 3A, kuma duka ramukan USB ɗinta huɗu 1.2A suke rabawa, SSD ɗaya ya isa, ka ƙara wani abu mai ci sai ta fara gargaɗin ƙarancin wuta. Pi 5 kuwa 5A take nema, cajarta ta asali wat 27 ce, in ta ga caja ba ta kai haka ba sai ta taƙaita USB zuwa 600mA maimakon 1.6A, har ta yi maka gardamar tashi daga USB. Kar ka ce ai cajar wayarka wat 33 ce ko 65, waɗannan a 9V ko sama suke ba da ƙarfinsu, a 5V yawanci 3A ne iyakarsu. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa mai Pi 5 ya bi ta NVMe ya bar USB, tunda waccan iyakar ta ramukan USB ce. Kuma kar ka ɗauka SSD layar tsari ce, ya fi memori juriya nesa ba kusa ba amma shi ma in ana yanke masa wuta kullum wata rana zai yi maka tsiya. Ni abin da na yi, na raba ta da inbata gaba ɗaya, na ja waya daga batirin sola kai tsaye zuwa ɗan abin da ke sauke 12V zuwa 5V mai ƙarfin gaske, da gajeriyar waya mai kauri, don siririyar waya doguwa ita ke shanye wutar a hanya. Ko an sauya layi ko inbata ta yi kuka ta ɗauke, ita ko a jikinta.

Zafi ma a sa shi a lissafi, watan Afrilu a ƙarƙashin rufin kwano ba wasa ba ne, NVMe in ya ɗau zafi da kansa yake rage gudu, Pi ma haka in ta doshi digiri 80. SATA mai inci 2.5 bai damu sosai ba. Mai fanka kuma ya riƙa hure ƙura lokacin hunturu.

Na hannu ko sabo? Na hannu mai suna ya fi min sabo marar asali. Amma a gwada a gabanka, manhajar CrystalDiskInfo a laftof ɗin mai shago za ta nuna awa nawa ya yi yana aiki da kashi nawa ya rage na lafiyarsa, a Pi kuma smartctl. Waɗannan ƙananan masu kyalli da ake tallatawa a intanet wai tera 2 ko 4 a kuɗin buhun siminti, ka yi ta kanka, sau da yawa in an fasa memori ne a ciki aka manne da gam, manhajar H2testw ko f3 ke tona musu asiri amma gwajin na cin awanni. Girma kuwa 256 nake cewa, Wikipedia ta Hausa ba ta da nauyi amma ta Turanci mai hotuna ita kaɗai ta haura gig 100, kafin ka zo kan bidiyon darussa 128 ya cika. Kuma in za ka shiga Kano sayayya, jefa Pi ɗin da fawabank a jaka ka gwada a kan teburin mai shago, don kuɗin motar komawa canji ya kusa sayen wata wayar.

In kuma ba ka sayi Pi ɗin ba tukuna, akwai irinta na wasu kamfanoni, Orange Pi 5 tana da ramin M.2 a cikinta na 2242, Rock 5B na Radxa kuma 2280 take ɗauka da layi huɗu, gudu kam ta fi Pi 5, sai dai ranar da ta rikice mai taya ka warwarewa ba shi da yawa.

Nawa dai har yanzu Pi 4 ce da SATA gig 240 na hannu, na ɗaure shi da roba a jikin katakon kanta, ya ga damina biyu. Memori na huɗu yana nan na kwafe komai a kansa da manhajar SD Card Copier, na naɗe a leda na cusa a gwangwanin da nake tara canji, jiya ma wani yaro ya kusa ba wa mai shayi shi haɗe da naira hamsin.